Murar tsuntsaye: Me ya sa jinkirin sanarwar hukuma ke zama hatsari ga garuruwa irin Mai'adua?

Duk ranar Lahadi kasuwar Mai'adua da ke Jihar Katsina kan cika maƙil da fatake da dillalai da masu saye daga sassan Najeriya da Jamhuriyar Nijar. An fi sanin kasuwar da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, amma a gefe guda akwai cinikin da ba a cika lura da shi ba, wato na kaji da zabi da agwagi da tantabaru, waɗanda ake kawowa daga ƙauyuka a cikin keji, wasu a bayan babura, wasu a hannu.

Kazar da aka saya a nan da hantsi tana iya kwana a Daura ko Kano. Zabuwar da aka kawo kuma, ta yiwu jiya tana kiwo ne a wani ƙauye da ke tsallaken iyakar Kwangwalam. Wannan zirga-zirga ita ce arzikin garin, kuma ita ce hanyar da cuta irin murar tsuntsaye ke bi idan ta ɓulla.

Tun daga shekarar 2006 wannan cuta take zuwa tana komawa a Arewacin Najeriya. A kowane zagaye tambayoyi biyu kan taso. Yaushe hukuma ta sani? Yaushe kuma ta faɗa wa jama'a? Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu ita ce kan nuna yawan asarar da za a tafka.

Mece ce murar tsuntsaye?

Cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, danginta ɗaya da murar da ke kama mutane, sai dai asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji. Nau'in da ya fi addabar Najeriya shi ne H5N1, wanda idan ya shiga garken kaji yakan kashe mafi yawansu cikin 'yan kwanaki.

Daga cikin alamominta akwai mutuwar kaji farat ɗaya da yawa, da kumburin kai, da sauyawar launin tukku da leɓatu zuwa shuɗi-shuɗi, da zawo, da raguwar ƙwai. Agwagi kuwa suna iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da sun nuna alama ba, shi ya sa suke da hatsari idan aka gauraya su da kaji.

Tana yaɗuwa ta kashin tsuntsaye da majinarsu, da kuma duk abin da ya taɓa su: keji, da kiret ɗin ƙwai, da takalman ma'aikata, da tayoyin mota, da buhunan kashin kaji da ake sayar wa manoma a matsayin taki. Ƙwayar ta fi daɗewa a raye lokacin sanyi, don haka aka fi ganin ɓarkewarta a watannin hunturu.

Ba kasafai take kama ɗan Adam ba, kuma ba ta saba tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. Amma idan ta kama takan yi tsanani. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 2003 zuwa yau an tabbatar da ita a jikin mutum sama da 900 a faɗin duniya, kuma kusan rabinsu sun rasu. A watan Maris na 2024 kuma an gano ta a jikin shanun tatsa a Amurka, lamarin da ya kamata duk garin da ke da babbar kara irin ta Mai'adua ya sa wa ido.

Kusan wata guda kafin a sanar

Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar da H5N1 a cikinta. Kaji sun fara mutuwa ne a wata babbar gona da ke Jaji, a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, a ranar 10 ga Janairun 2006. Gonar tana da tsuntsaye kimanin 46,000, kuma kusan 40,000 daga cikinsu sun mutu.

Ba a tabbatar wa duniya abin da ke faruwa ba sai ranar 8 ga Fabrairu, bayan da wani ɗakin gwaje-gwaje da ke birnin Padova na ƙasar Italiya ya bincika samfurin da aka aika masa. Kusan wata guda ke nan.

A tsawon waɗannan makonni kaji suna ta mutuwa a gonakin Kano da kewaye, ana danganta abin da cututtukan kaji da aka saba gani. Masu gonakin da suka ga alamar asara suka riƙa kai kajinsu kasuwa a farashi mai rahusa, masu saye kuma suna murnar samun araha. Babu wanda ya hana jigilar kaji, domin a hukumance babu annoba.

Kafin watan Fabrairu ya ƙare an samu rahoton cutar a jihohin Kano da Filato da Bauchi da Katsina da kuma yankin Abuja. Zuwa 2008 ta shiga jihohi 25 da Babban Birnin Tarayya, an kuma kashe tsuntsaye sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu don daƙile ta.

A watan Janairun 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji ya tabbatar da cewa H5N1 ce ta yi ajalinta. A nan gwamnatin tarayya ta fito ta sanar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da sakamakon a farkon Fabrairu.

Diyyar Naira 250

Ɓoye labari ba daga ɓangaren hukuma kaɗai yake zuwa ba. Mai kiwo ma yakan ɓoye, kuma yana da dalilinsa.

Lokacin da gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fara kashe tsuntsayen da ke gonakin da cutar ta shiga, Ministan Aikin Gona na lokacin, Malam Adamu Bello, ya sanar da diyyar Naira 250 kan kowace kaza. Masu kiwo suka ce kuɗin bai kama ƙafar abin da suka kashe wajen rainon kaza mai ƙwai ba.

Akwai kuma wani sharaɗi mai nauyi: ana biyan diyya ne kan tsuntsayen da jami'ai suka kashe da hannunsu, ban da waɗanda cutar ta riga ta kashe. Idan jami'ai suka yi jinkirin zuwa, kajin suka ƙare kafin isowarsu, mai gona ya tashi a tutar babu.

Lissafin mai kiwo a nan a fili yake. Idan ya kai rahoto, za a rufe gonarsa, a kashe sauran kajinsa, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, a ranar da bai sani ba. Idan ya yi shiru ya sayar, zai tsira da wani abu a hannu. Da yawa sun zaɓi na biyun.

Daga baya, bayan Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 50 a watan Maris na 2006 don yaƙi da cutar, an sake duba tsarin diyyar aka ƙara kuɗin. Da cutar ta dawo a Janairun 2015, inda aka fara ganin ta a Kano da Legas, Ministan Aikin Gona Akinwumi Adesina ya sanar da diyyar Naira 1,450 kan kowane tsuntsu. Sai dai koken jinkirin biya bai gushe ba, domin masu kiwo da dama sun daɗe suna jiran haƙƙinsu.

Abin da wannan ya koyar shi ne, diyya ba sadaka ba ce. Kuɗi ne da gwamnati ke sayen labari da shi. Idan farashin ya yi ƙasa, ko biyan ya yi jinkiri, labarin ba zai zo ba.

Matsalar ta fi tsanani a karkara. Mafi yawan kajin da ke ƙauyukan masarautar Daura na mata ne da yara, ƙwaya biyar ko goma a gida. Su ne asusun uwar gida ranar da yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso. Irin waɗannan masu kiwo ba su da rajista, ba su cikin ƙungiya, kuma sun saba ganin kaji na mutuwa duk hunturu saboda cutar Newcastle, wadda alamominta suka yi kama da na murar tsuntsaye. Abin da aka saba yi shi ne a yanka kazar da ta fara rashin lafiya kafin ta zama mushe. A wajen yankan da figar ne kuma mutum ya fi shiga hatsarin kamuwa.

Darasin Magarya

Ƙasa da mako uku bayan sanarwar Najeriya, a ranar 27 ga Fabrairun 2006, aka tabbatar da H5N1 a jikin agwagin gida a Magarya da ke Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kusa da iyakar Najeriya. Sai da aka shafe makonni kafin hukumomin can su samu halin fara kashe tsuntsayen yankin.

Magarya maƙwabciyar ƙasar Daura ce. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Tsakanin Kwangwalam da Ɗan Barto akwai shingen hukuma, amma akwai hanyoyin daji barkatai da babura da amalanke ke bi dare da rana. An ga hakan ƙarara lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023: ƙofa a rufe, amma kaya ba su daina wucewa ba.

Wannan na nufin rufe iyaka kaɗai ba ya tare cutar kaji. Abin da ke tare ta shi ne jami'in dabbobi na Mai'adua ya san abin da ke faruwa a Matamaye da Magarya a kan lokaci, takwaransa na can shi ma ya san abin da ke faruwa a nan. Idan sai labari ya je Abuja, ya wuce ofishin Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya a birnin Paris, sannan ya dawo Yamai, to kasuwa ta ci sau biyu ko uku kafin gargaɗi ya iso.

Cutar ta sake nuna halinta a tsakiyar 2008, lokacin da ta ɓulla a jihohin Katsina da Kano. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa nau'in da aka gani ya bambanta da waɗanda suka yaɗu a 2006 da 2007. A 2015 kuma, 'yan watanni bayan dawowarta Kano, aka tabbatar da ita a Maraɗi.

Daga akurki zuwa Abuja

A tsari, idan kaji suka fara mutuwa ba gaira ba dalili, mai su zai sanar da jami'in kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Shi kuma ya sanar da daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha, a turo ma'aikata su ɗauki samfuri.

Daga nan sai a aika samfurin zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Idan sakamako ya tabbatar da cutar, babban jami'in lafiyar dabbobi na ƙasa ne ke da alhakin sanar da hukumar duniya, kuma ƙa'idarta ta ce a yi hakan cikin sa'o'i 24. A ɓangaren mutane, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, tare da ma'aikatar lafiya ta jiha ne ke bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da tsuntsayen.

Kowane mataki a wannan sarƙa yana iya cin kwanaki. Mai kiwo ya yi jinkirin magana, jami'i ba shi da man babur, samfuri ya kwana a hanya, sakamako ya jira sa hannun wani babba.

Misalin baya-bayan nan ya nuna yadda ƙaramin abu ke zama babba. A watan Disamban 2024 wani matashi a Ƙaramar Hukumar Gwale ta Jihar Kano ya sayi agwagwa a kasuwar Janguza, ya haɗa ta da kajinsa da zabinsa. Daga cikin tsuntsaye 50, guda 35 suka mutu. Ya kai samfuri asibitin dabbobi, aka tabbatar da cutar, hukumomin jihar suka sanar a watan Janairun 2025. Da ya yi shiru ya kai ragowar kasuwa, da labarin ya sha bamban.

Me ya sa hukumomi ke jan ƙafa?

Dalili na farko shi ne tsoron karyewar kasuwa. A 2006 da labari ya fita mutane sun ƙaurace wa kaji da ƙwai, har gonakin da cutar ba ta taɓa ba suka tafka asara. Wannan fargaba gaskiya ce, amma maganinta shi ne cikakken bayani. Naman kaza mai lafiya da ƙwan da aka dafa suka nuna sosai ba sa yaɗa cutar, domin zafin da ya kai maki 70 a ma'aunin Salsiyos yana kashe ƙwayar. Jama'ar da aka faɗa wa wuraren da cutar take ba za su guji kajin ƙasa baki ɗaya ba.

Na biyu shi ne kuɗi. Sanar da annoba yana jawo alhakin biyan diyya da feshin magani da tura ma'aikata, alhali sau da yawa babu tanadin hakan a kasafi.

Na uku shi ne gudun abin kunya. Babu gwamnatin da ke son a ce a hannunta cuta ta ɓarke. Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. Annobar murar 1918, wadda ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba ta bi layin dogo zuwa Arewa, ana kiran ta murar Sifaniya ne kawai saboda jaridun ƙasar sun samu 'yancin ba da labarinta, yayin da ƙasashen da ke fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya suka danne nasu. A 2003 ma ƙasar Sin ta ɓoye girman cutar SARS na tsawon watanni, har sai da ta kai ga sauke ministan lafiyarta a watan Afrilu.

Abin da korona ta nuna a Daura da Kano

Ƙasar Daura ta ɗanɗani muhimmancin sanarwa a kan lokaci. A watan Afrilun 2020 mutum na farko da korona ta kashe a Jihar Katsina wani likita ne a garin Daura. Gwamna Aminu Bello Masari ya fito ya sanar, aka bibiyi waɗanda suka yi hulɗa da marigayin, aka kuma sa dokar kulle a garin. Matakin ya yi wa talakawa tsauri, amma kowa ya san dalilinsa.

A Kano kuwa, a cikin wannan wata, masu haƙar kabari ne suka fara bayyana cewa gawarwaki sun ƙaru fiye da kima, yayin da hukumomi ke danganta mace-macen da wasu cututtuka. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona.

Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin, a yau kuma WhatsApp da Facebook sun ƙara mata gudu. Arewa ta san farashin rashin yarda, domin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amanar da aka zubar a wata annoba, a annoba ta gaba ake biyan bashinta.

Abin da doka ta tanada

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki a Yunin 2007. Sun wajabta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'o'i 24 idan aka tantance sabon nau'in mura a jikin ɗan Adam.

A cikin gida akwai dokar daƙile cututtukan dabbobi ta 2022 wadda ta maye gurbin ta 1988, da dokar da ta kafa NCDC a 2018. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Tun watan Yulin 2024 kuma an ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda wannan aiki ya koma ƙarƙashinta.

Giɓin da ya rage shi ne, ƙa'idojin duniya sun ɗaure gwamnati ta sanar da Paris da Geneva cikin kwana guda, amma matar da ke da kaji goma a Koza ko Bumbum ba ta karanta rahotannin waɗannan hukumomi. Sanarwar da aka rubuta da Turanci aka raba wa 'yan jarida a Abuja ba ta isa gare ta ba.

Me ya kamata sanarwa ta ƙunsa?

Sanarwar da za ta yi amfani dole ta faɗi ƙaramar hukuma da garin da cutar ta ɓulla, da ranar da aka fara ganin ta, da yawan tsuntsayen da abin ya shafa, da kasuwannin da aka taƙaita cinikin kaji a cikinsu da kuma tsawon lokacin. Ta faɗi nawa ne diyya, wa ya cancanta, yaushe za a biya, wa za a kira. Idan sakamakon gwaji bai fito ba, a faɗi cewa ana zargi, a nemi a dakata da jigilar kaji daga wurin har ya fito.

Ta kuma zo da Hausa da Fulatanci, ta rediyo, ta bakin limamai ranar Juma'a, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin kasuwa da na masu sayar da kaji. Masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, tana da tsarin da saƙo zai iya isa kowace unguwa cikin yini guda, kamar yadda aka yi amfani da sarakuna wajen yaƙi da shan inna.

Shi ma mai kiwo akwai nasa nauyin. Ya ware sabon tsuntsun da ya sayo na aƙalla mako biyu kafin ya haɗa shi da na gida. Ya raba agwagi da kaji. Kada ya yanka ko ya sayar da kazar da ba ta da lafiya. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a juji, kada yara su taɓa. Duk wanda ya yi hulɗa da irin waɗannan tsuntsaye sannan zazzaɓi da tari suka kama shi, ya garzaya asibiti ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru, ko ya kira lambar NCDC ta kyauta, 6232.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai kiwo ba zai buɗe akurkinsa ga jami'i ba sai ya tabbata gaskiyar da ya faɗa ba za ta talauta shi ba, jama'a kuma ba za su bi umarnin hukuma ba sai sun ga ba ta ɓoye musu komai. A garin da kasuwa ke ci duk mako, kwana bakwai kacal hukuma ke da su tsakanin jin labari da Lahadi mai zuwa.